Gwaggo Nuzhat Ba Ta Roƙo

Gwaggo Nuzhat ta ce duk Lahore babu uwar da hankalinta ya kai nata kwanciya. Ɗanta Zaviyar ya nemi wata jami'a a Amurka a zagayen farko, wanda makaranta ɗaya tak ake zaɓa, kuma makon nan sakamako zai fito.

"Mu 'yan boko ne," ta gaya wa ƙawayenta ina zuba musu shayi. "Ƙwaƙwalwa ke shigar da yaro, ba zaryar hubbaren waliyyi ana rabon shinkafa ba. Wannan sai su Sadaf."

Ni ce Sadaf. Ban gama sakandare ba, shi ya sa da ni ake misalin jahilci a gidan.

Washegari za mu wajen tela, cunkoso ya tsayar da motarmu daidai ƙofar hubbare. Gwaggo ta ja mayafi ta nutse a kujera, wai rana ta dame ta. Ranar ko leƙowa ba ta yi ba.

Sai ga mai dafa shinkafar sadaka da gudu, ludayi a hannu, yana ƙwanƙwasa gilashi.

"Begum Sahiba, uwargida! Yau ba ku leƙo ba! Tukunyar yau ma da kaza, irin ta jiya da shekaranjiya?"

"Bawan Allah, ba ni ba ce."

"Haba, maman Zaviyar ɗan Amurka? To, maƙwabciyarku Begum Tahmina biyu ta ɗora. Ita ma can ɗanta ya nema."

Gwaggo ta sauke gilashi. Ba ta kalle ni ba.

"Ɗora uku."