Idon Mai Gwajin Zinare

Ƙanen mai shagon gwajin zinare ya zube zobba uku a kan tebur, a gaban dattawan layin maƙera, ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Wai Yaya ya tsufa, ya zama mijin-ta-ce, matarsa ta tare a shago kamar ita ta gaji wurin. In ya kuskure ko zobe ɗaya, ya miƙa makullin shagon mahaifinsu.

Yaya bai ko ɗaga kai ba. Ya gyara baƙin tabaraunsa na aikin wuta.

"Makullin nan sai dai ka zaro shi daga aljihun gawata."

Matar tana kan kujerarta a gefensa, tana mita yadda ta saba. Mace ce da ko ruwa ka ba ta sai ta ce ya cika jiƙa.

Gwajin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A goga zobe a baƙin dutse ya bar zane, a ɗiga masa ruwan asid. Zinare tsantsa, karat ashirin da huɗu, ko gezau ba ya yi. Gwargwadon haɗin da aka yi masa da wani ƙarfe, gwargwadon yadda zanen ke dusashewa. Aiki ne na ido, kuma duk layin an san babu ido irin na Yaya.

Ya goga na farko, ya ɗiga, ya sunkuya. Matar ta ce shayinsa ya huce, ita kam ba za ta sake dafawa ba.

"Ashirin da ɗaya," in ji Yaya.

A na biyu ta ja tsaki, ta ce bayanta ya gaji da wannan shirme. Yaya ya ce sha takwas ne, kashi uku zinare, ɗaya haɗi. Dattawa suka gyaɗa kai.

Na uku ya ɗora shi a sikeli, ya ce ta karanta tunda ba ta da aikin yi. Ta karanta cikin ƙunƙuni. Ya juya zoben a tafin hannu, ya ce zinare mai wannan kauri ba ya rashin nauyi haka. Ya kankare gefensa sosai. Matar ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kau da kai.

"Jan ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinare. Kwashe kayanka. Shagona ne, matata ce, kuma nan za ta zauna."

Ƙanen ya fice babu sallama, kunya ta rufe shi. Da dattawa suka watse, matar ta kulle shagon ta ciki, ta tambayi Yaya ko ya ji tsoro. Ya yi dariya, ya ce ya ji mana, da ta ce shayi ya huce a kan sha takwas ai da sun kwana a titi.

Ta kama hannunsa suka nufi ƙofar baya mai shiga gida, kamar kullum tun shekarar da idanunsa suka mutu ya zama ita ke duba dutsen, mitarta kuma ke gaya masa amsa.