Kasuwar Masu Ɗaga Hannu

Tun kafin annoba, Sallau yake jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Yana shan maganinsa, ya kuma samo dabara: in bai ga leɓe ya motsa ba, ba ya amsawa. Sai annoba ta zo, aka kawo wani takunkumin baki mai kulle kansa da zarar mutum ya taka waje. Bakin kowa ya ɓace, Sallau ya daina fita.

Yau matarsa Uwani ta matsa masa ya je cefane.

Yana shiga kasuwa, mai tattasai ya ɗaga hannu. "Malam Sallau, ni ne nake magana. Ina ka shige?"

Mai manja ta ɗaga ludayi ta gaishe shi. Ashe Uwani ta zagaye rumfunan tun jiya, ta roƙi duk mai magana ya ɗaga hannu. Har masu rigimar ciniki hannunsu a sama yake. Sallau ya yi ta dariya cikin takunkumi.

A hanyar gida wata murya ta ce, "Koma ɗaki, kai haɗari ne."

Ya waiwaya. Babu hannu a sama, sai lasifikar hukuma a jikin falwaya. Ko ita ce ko ba ita ba ce, bai amsa ba. Uwani na jiran tattasai.