Agogon Hannunsa

"Inna, ki sakar masa hannu haka nan, ki zo ki ci abinci," in ji 'yarta daga bakin ƙofa.

Tsohuwar ba ta motsa ba. Tun hantsi take riƙe da hannun maigidanta. Su biyun likita ya manna wa 'yar na'ura a ƙirji, mai aika bugun zuciya ta cikin fata zuwa agogon hannu. Yatsunsa sun yi sanyi, amma agogonsa na ta ƙirga bugu lafiya lau, don haka bargo kawai ta ja masa.

"Barci yake. Kin san babanki, ko gini ya faɗo ba ya farkawa."

"To bar shi ya huta."

Tsohuwar ta zare hannunta a hankali. Nan take lambobin agogon suka ɗauke.

'Yar ta taɓa goshinsa, ta daɗe ba ta ɗago ba. "Inna, ya cika. Bugun zuciyarki ne yake bi ta hannunki zuwa agogonsa."

Tsohuwar ta sake kama hannun, ta damƙe. Lambobin suka dawo.

"Je ki ci," ta ce. "Ni ina nan."