Waƙar da Ya Yi wa Inna

Abdulgafar bai kai ƙarshen baitin farko ba aka fara dariya.

Waƙar da ya yi wa Innarsa ce bayan rasuwarta, kuma yau ya fara rera ta gaban jama'a, a walimar 'yan kasuwa a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje inda suke zuwa saro kaya. Shekaru yana yawo da jitarsa shi kaɗai, ba kamfani ba ubangida, yana jiran irin wannan rana. Sai ga mutane suna yi masa amshi da nama cike da baki, wani har da rausaya kafaɗa. A ina ma suka san waƙar? Sau ɗaya ya taɓa ɗaukar ta, a ɗakin abokinsa Lukman, dillalin kayan wasan yara a kasuwar Tianxiu.

Ya dafe tsirkiyar jitar. "Jama'a, waƙar mamaciya ce fa."

Hajiya Zeinabou, 'yar kasuwa daga Maraɗi, ta zuge jakarta ta fito da wani birin roba, ta matsa cikinsa. Birin ya hau karkaɗa ƙugu. Muryar Abdulgafar ce ke fita daga bakinsa, an ƙara mata sauri ta koma kamar ta ɓera, tana kiran "Inna, Inna."

"Kwantena guda na irinsa na aika gida," in ji Hajiya tana yatsina fuska. "Ɗana, ga ka da murya mai daɗi. Ka ji kunya ka ƙirƙiri taka mana, ka daina satar waƙar biri."