Mashigin da Taswira Ta Kira Hanya

Ka ce na'ura ba ta ƙarya. Ban musa maka ba, amma saurari wannan misali.

Akwai wani ma'aikacin asibiti a birni, mai ɗaukar hoton ƙashi, wanda ba abin da yake sha'awa kamar haɗa manhaja. Ba sana'arsa ba ce, ba kuma wanda ya sa shi. In an tashi aiki abokansa su nufi majalisa, shi ya nufi kwamfuta. Wata rana ya gano masu taswirar intanet sun buɗe wa irinsa wata ƙofa: manhajarka ta aika musu inda kake da inda za ka, su dawo mata da hanyoyi, kowace da tsawonta da bayanin halin da take ciki. Ya gwada daga gidansa zuwa kasuwa, amsa ta zo. Murna har da kiran matarsa ta zo ta ga shuɗin layi yana bin lungunsu. To amma amsar takan zo da dogon bayani, shi kuwa mutum ne mai son a taƙaita. Sai ya kafa wa manhajar doka guda: ta ɗauki hanya mafi gajarta, ta watsar da sauran, har da gargaɗin da ke biye da su. A cikin birni abin ya yi ta tafiya daidai, don duk inda ka juya kwalta ce. Ya shiga cika baki a gaban abokai, kai ka ce shi ya shimfiɗa titunan.

Ana tsakiyar damina, da hantsi, ƙanensa ya kira daga ƙauye ya ce Baba ya cika. Ka san gawa ba ta jira. Amma da yake shi ne babba, dattawa suka ce za a dakata masa zuwa la'asar, ya samu salla, ya sa mahaifinsa a kabari da hannunsa. Hanyar da ya saba bi ta kan gada take zagayawa. Tana da nisa, amma da ya bi ta da ya isa, ko da a ƙurarren lokaci. Hankali a tashe ya buɗe manhajarsa, ta nuna masa wata da ta rage kusan rabin tafiyar. A mararraba ya saki kwalta ya bi burji. Abin da taswira ta kira hanya kuwa mashigi ne: da rani rairayi, motoci da babura na ratsawa, da damina kogi. Masu taswirar sun faɗi haka cikin bayaninsu, shi ya hana manhajar karantawa. Abin da ya fi ba ni takaici, shi ma ya sani, don a kogin nan ya koyi iyo yana yaro. Amma layin nasa ne, kuma mutum bai cika tuhumar abin da ya haɗa da hannunsa ba.

Ya iske ruwa ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da rassan itatuwa, masu fito duk sun janye jiragensu. Ga garinsu can tsallake, har rimin bakin maƙabarta yana hangowa. Sai waya ta yi ƙara, ƙanensa ne. "Yaya, kana ina? Liman ya ce hadari ya haɗo, ba za a ƙara jira ba." Ya ce, "Ku sallace shi. Ina hango ku." Yana tsaye a bakin gaɓa ya ga mutane sun fito da makara, ƙanana ƙanana saboda nisa, har suka shige bayan rimin. Ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba, ya juya mota ya koma neman gadar da ya guje wa. Bayan magariba ya isa, ya tarar an shafa fatiha an watse, sai ɗanyar ƙasa da ruwan sama ya riga ya daddaɓe.

Na'urar ba ta yi masa ƙarya ba. Gajeriya ya tambaya, gajeriya ta ba shi. Shi ya sa magabata suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.