Shafi na Arba'in da Ɗaya

Lif ya kai hawa na sha tara Abdulghani bai gama hamma ba. Shekara bakwai ke nan yana wannan hawa da sauka a wani bankin zuba jari a Jidda, kuma wallahi ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Abin da yake sayarwa takarda ce mai shafi sittin. Ka ba banki kuɗinka, a ɗaure su da farashin hannun jarin kamfanoni uku. In shekara ta zagayo babu wanda ya faɗi ƙasa da wani layi da aka ja, ka kwashi riba mai tsoka. In ɗaya ya faɗi, ko na yini guda ne, uwar kuɗin ta bi shi ƙasa. Banki kuwa ya yanki nasa tun ranar sa hannu. Maganar riba tana shafin farko da manyan baƙaƙe, maganar layin tana can shafi na arba'in da ɗaya.

Mudirinsa Saif, shugaban sashensu, ya kira shi ofis, ya faɗa masa ko kai bai ɗago ba: saura riyal miliyan biyu da dubu ɗari uku ya cika abin da aka yanka masa na bana. In bai cika ba, halas, aiki ya ƙare. Bankin ne kafilinsa, mai tsaya masa ya zauna a ƙasar. Aiki na tafiya iƙama, takardar izinin zama, za ta bi, sai jirgin Kano, garin da bai taɓa takawa ba, don a unguwar Nuzla, nan Jidda, aka yanke masa cibi.

Ranar Juma'a ya je cin abinci wurin mahaifiyarsa, Hajiya Mariyamu. Tun rasuwar mahaifinsa take zama a Bab Makka, tana sayar wa alhazai abaya da turare, wayoyinta uku ba sa hutawa. Ya yi magiyar duniya ta bar zaman kasuwa ta ƙi. Duk wata yakan ba ta ɗan abin cefane, ta cusa a jaka ko dubawa ba ta yi. Ran nan gajiya ta sa bakinsa ya suɓuce, ya zayyana mata komai har da adadin.

"Allah ya kawo mafita," ta ce. "Ƙara shinkafa."

Kwana tara bayan haka wani ɗan ƙasa mai suna Raed ya shigo bankin, ya ce Abdulghani yake nema. Takardunsa tsaf: kamfanin aika kaya Afirka ta Yamma, da sito biyu a Khumra. Da aka tambaye shi kwantena nawa suke fitarwa a wata, sai ya yi dariya ya ce sai dai a tambayi ma'aikata. Bayanin ma bai saurara ba, yana ta juya makullin motarsa a yatsa. Can ya fita ya yi waya, ya dawo da tambaya ɗaya tak.

"Akwai haɗari?"

Akwai. Abdulghani ya sani, don masu bincike na bankin sun yi raɗa cewa ɗaya daga cikin ukun, wani kamfanin gine-gine, ƙafarsa na rawa. Shafi na arba'in da ɗaya na ƙarƙashin tafinsa, buɗewa kawai zai yi. Ya dubi agogon da ke hannun Raed, wanda ya fi albashinsa na wata shida. Ɗan gata ne, ya ce a ransa, ko duka suka ƙone ba zai kwana da yunwa ba. Da ma da wannan maganar yake lallashin kansa shekara bakwai, cewa shi bai taɓa sayar wa talaka ba, balle nasu na gida.

"Kaɗan ne," ya ce.

Raed ya sake fita da waya, ya dawo ya rubuta miliyan biyu da dubu ɗari uku cif. Abdulghani ya ɗauka ikon Allah ne, ya yi hamdala. Aka sabunta masa iƙama, Saif har da dafa masa kafaɗa.

Wata biyar aka yi. Wata Lahadi da hantsi kamfanin gine-ginen ya faɗi ƙasa da layi, ya ci gaba da gangarawa, kafin sati ya ƙare kashi biyu cikin uku na kuɗin sun narke. Abdulghani ya haddace abin da ake faɗa a irin wannan rana: kasuwa ce, kuma ka sa hannu. Ya faɗa wa mutane da yawa, har ya daina jin ɗacinsa a baki.

Raed ya zo, ko ɓacin rai babu a fuskarsa. Bai ma zauna ba.

"Kada ka wahalar da bakinka, ya akhi, ni ba ruwana. Sunana kawai nake bayarwa haya, duk wata a ba ni nawa. Ka san yadda ake yi in baƙo na son kamfani, sai ya fake da sunan ɗan ƙasa. Shekara ashirin da biyar aka yi ana tara kuɗin nan, yanzu sito ɗaya ma sai an sayar. Mai kuɗin na ƙasa a zauren jira, ba sa son hawowa tunda babu sunansu a takarda ko ɗaya. Yalla, je ka yi bayani da kanka."

Abdulghani ya shiga lif ya nufi ƙasa. Mai kuɗin baƙo ne ke nan irinsa, wanda ya tara da gumi. Kunya ta kama shi, karon farko cikin shekaru.

Zauren jira babu kowa sai mace ɗaya a kujerar ƙarshe, ta kife wayoyinta a cinya. Hajiya Mariyamu ta ɗago ta dubi ɗanta, ta ce, "Bar maganar kuɗin tukuna. Wannan abin da ya faru ba zai taɓa maka aiki ba dai ko?"