Maginiya da Ƙumba Mai Jan Ciki

Kana tambaya me ya sa mutum zai zauna yana juya ƙumbar kogi, yana auna ta, yana leƙa cikinta, alhali duk ƙumba ce. To, tsaya ka ji.

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari na bakin kogi. Ƙumba dai ka san ta, halittar nan mai ɓawo biyu da ke kwance a ƙasan ruwa tana tace shi. A kogin nan iri biyu ce. In ka ɗora su a tafin hannu ba za ka ce ga bambanci ba, baƙinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Amma ɗaya 'yar laka ce, ga ta nan birjik ko'ina, ɓawonta kamar na ƙwai, da ka danna ta a jikin ɗanyen yumɓu sai ta ɓalle. Ɗayar kuwa kauri gare ta, cikinta ja-ja kamar an ɓara jan goro, kuma ba ta zama ko'ina sai cikin tsakuwar wata 'yar kwana a gindin dutse, inda ruwa ke gudu da sanyi. Da ɓawonta maginiyar ke goge cikin randa har ya yi sumul, shi ya sa ake zuwa daga ƙauyuka neman randarta. A gidansu ba a gaya wa bare inda ake samun ta. Uwa ke nuna wa 'ya, da yatsun ƙafa ake lalubo ta, kuma ba a ɗaukar mai rai, sai wadda ta mutu ta bar ɓawo.

Wata shekara aka ba masu tifa izinin haƙar yashi da tsakuwa a kogin. Kafin su fara, aka turo wani jami'i mai kula da halittun ruwa ya ga abin da za a tserar. Mutumin kirki ne, ba ya ha'inci a aikinsa. Kwana huɗu yana shiga laka har gwiwa yana cika bokitai da ƙumba, don a ajiye su a wani tafki har a gama haƙa. An kuma ce masa duk inda ya ga irin da babu shi a wani wuri, ya kafa alama, ba mai taɓa gurin. Da ya ji akwai tsohuwar da ta fi kowa sanin ƙumba, sai ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya zube abin da ya tara a gabanta. Kallo ɗaya ta yi ta ga duk 'yan laka ne.

Ya ce, "Inna, iri nawa kuka sani a ruwan nan?"

Ta yi lissafi a ranta. In ta faɗa, yau yana takarda, gobe maginan ƙetaren kogi sun ji, jibi wataƙila hukuma ta kewaye wurin da waya har ita kanta a hana ta shiga. Kuma ta ina mota za ta bi ta sauka gindin dutsen nan? Sai ta ce, "Ɗan nan, ƙumba ai ƙumba ce. Ko ita ma haraji za ku sa mata?" Ya yi dariya, ya yi godiya, ya rubuta iri ɗaya, mai yawa, babu wurin da ke bukatar alama.

Da rani ya yi, katafila ta fasa hanya ta bayan dutsen, don tsakuwar da ta fi kyau a can take. Maginiyar ta yafa mayafi ta nufi gidan mai unguwa. Ya saurare ta, ya ce takarda ta riga ta wuce, kuma a takardar ba a ce akwai komai a wurin ba. Ta aika wa jami'in saƙo birni, kafin saƙon ya same shi an yi kwana tara ana lodi. 'Yar kwanar ta koma rami mai ruwa kore. Ta bi inda ake jibge tsakuwar, ta tsuguna tana tonawa da hannu, ga gutsattsarin jan ɓawo nan a ciki, ana jiran a kwaɓa su da siminti.

Bayan damina jami'in ya dawo da bokitansa. Ya yi ɗawainiya ƙwarai, kusan duk suna da rai. Aka taru a bakin kogi aka juye su, ya hango maginiyar ya ce ta zo ta gani, ba a yi asara ba. A nan ne fa ta gaya masa abin da ta hana shi ranar farko. Bai yi mata faɗa ba. Ya dai ce su je su nemo mai jan cikin. Shekara uku suna bin kogin, shi da ragarsa, ita da ƙafafunta, daga sama har inda ya haɗu da babban gulbi. Ko ɗaya ba su samu ba.

Yau in ka je, kogin cike yake da ƙumba. Baƙo zai tsoma hannu ya ɗebo, ya ce ai babu abin da ya ɓace a nan. Maginiyar kuwa ta daina zuwa bakin ruwa, kuma ba ta da wurin da za ta nuna wa 'yarta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.